codespell, Vale ko doctest: wanne ya kamata ya fara gadin takardun laburarenka?

Idan kana riƙe da ƙaramin laburaren Python, wato tarin kod da wasu ke ɗauka su yi aiki da shi, a GitHub, ko kana neman shiga aikin wasu ta ƙofar gyaran takardun bayani, ba za ka daɗe ba sai ka tsaya a kan tambayar wace manhaja za ka ɗora wa aikin dubawa. Sunayen da za ka yi ta ji su ne codespell, sphinxcontrib-spelling, Vale da doctest, jefi-jefi kuma cSpell ko typos. Mutane kan jera su a layi ɗaya sai ka ce aikinsu ɗaya, alhali kowacce da irin kuskuren da take kamawa. Su kansu kurakuran ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya ga an rubuta "recieve" a wurin "receive" zai taɓe baki ya wuce, ya dai gane abin da ake nufi. Wanda kuwa ya kwafi misalin da ke shafin farko ya liƙa, kwamfuta ta watso masa jan rubutu, galibi rufe shafin yake yi ya nemi wani laburaren, ko saƙo ɗaya ba zai turo maka ba. Don haka kafin ka zaɓa, ka fara sanin wane kuskure ne ya fi korar maka mutane.

Bari mu fara da masu duba haruffa, tunda nan kowa ke fara leƙawa. Hanyoyi biyu ne, kuma bambancinsu ya fi yadda ake zato. Ka ɗauki masu gadi biyu a ƙofar gida. Na farko an ba shi hotunan ɓarayin da aka sani, duk wanda ba ya cikin hotunan sai ya buɗe masa. Na biyu an ba shi sunayen mutanen gidan ne, duk wanda ba ya ciki sai ya tare shi, ko da surukin maigida ne. codespell da typos irin na farko ne. sphinxcontrib-spelling da cSpell irin na biyu.

Lucas De Marchi ne ya fara rubuta codespell tun 2010, kuma asalin jerin kalmominsa daga shafin Wikipedia na kurakuran rubutun Ingilishi da aka fi yi aka ɗebo shi. In ka buɗe ƙamus ɗinsa za ka ga layuka ne zalla, kuskure a hagu, gyara a dama, irin `teh->the`. Bai san Ingilishi ba, abin da aka haddace masa kawai ya sani. A nan ƙarfinsa yake. Za ka sake shi a kan dukkan foldar aikinka, da takardu da kod da saƙonnin kuskure da sharhin da aka bari a tsakanin layuka, cikin daƙiƙu ya gama, kuma abin da zai nuna maka yawancinsa kuskure ne na gaske. Ba zai tsaya yana tambayarka mene ne "async" ko "kwargs" ba, domin ba sa cikin jerinsa. Girka shi ba ya cin data, `pip install codespell` ne kawai, saitinsa kuma layi uku ne ko huɗu a cikin `pyproject.toml`. Har rubutun `checkpatch.pl` da masu kernel ɗin Linux ke tantance gyare-gyare da shi yana da zaɓin aiki da ƙamus ɗin codespell.

Rauninsa ma a wurin yake. Kuskuren da ba a taɓa shigar da shi jerin ba zai wuce ta gabansa salin-alin. In ka rubuta sunan laburarenka ba daidai ba, ba ruwansa. In ka rubuta "form" inda kake nufin "from", duka biyun kalmomi ne masu rai, ba zai ce uffan ba. Yana kuma da nasa ihun banzan, ko da yake kaɗan ne: gajerun sunaye irin `nd` da `ans`, waɗanda masu kod ɗin lissafi ke yawan amfani da su, yakan ɗauke su a matsayin "and" da aka gurgunta. Maganin wannan shi ne ka zuba su a jerin kalmomin da zai kau da kai daga gare su, da `-L` ko a fayil ɗin saiti.

Akwai wani zaɓi da nake jan kunnen kowa a kansa, wato `-w`, wanda ke sa codespell ya gyara fayilolin da kansa. Yana da daɗi, amma kada ka taɓa tura sakamakonsa ba tare da ka bi `git diff`, mai nuna abin da aka sauya, layi-layi ba. A harkar kod akwai kurakuran da suka zama doka. Kan saƙon HTTP da ake kira `Referer` an rubuta shi da r ɗaya a tsakiya tun a takardar ƙa'idar HTTP, RFC 1945 ta 1996, kuma haka duk intanet ke amfani da shi har yau. Duk wanda ya "gyara" shi a cikin misali, mutum ne ko manhaja, ya karya misalin. Haka in laburarenka yana da wani aiki da sunansa ya fito da kuskure tun sigar farko, mutane sun riga sun gina kod ɗinsu a kai, dole takarda ta rubuta shi yadda yake. Gara ka haɗa da `-i 3`, ya riƙa tambayarka ɗaya bayan ɗaya.

Shi typos, wanda Ed Page ya rubuta da Rust, tunaninsu ɗaya da codespell. Ya fi sauri a kan manyan ayyuka, kuma ya iya tsinka sunaye irin `getUserNmae` gida-gida ya gano kuskuren da ke ciki. In laburarenka na Rust ne ko kod ɗinka ya yi yawa ƙwarai, ɗauke shi. In na Python ne matsakaici, bambancin bai kai a yi gardama a kai ba.

Sai mai gadi na biyu. Doug Hellmann ne ya rubuta sphinxcontrib-spelling, kuma a cikin Sphinx yake aiki, manhajar nan da Georg Brandl ya fitar a 2008 don takardun Python kanta. Yana dogara da PyEnchant, wanda ke haɗa shi da cikakken ƙamus, duk kalmar da bai samu ba sai ya kawo maka ƙara. Fa'idarsa babba ita ce yana ganin takardar yadda mai karatu zai gan ta. Ya san ina ne rubutun bayani, ina ne kod, sai ya tsallake kod ɗin. Bayanan da Sphinx ke zaƙulowa daga cikin kod su ma yana bi ta kansu. Sunayen da Python ta zo da su da gajerun sunaye masu manyan baƙaƙe yana ƙyale su tun daga farko. Da shi za ka kama irin kuskuren da yatsanka kaɗai ya taɓa yi a duniya, wanda ba zai taɓa shiga jerin codespell ba.

Amma ka shirya wa ranar farko. Zai zubo maka tulin kalmomi, mafi yawansu kuma daidai suke: sunayen mutane, sunayen wasu laburarori, kalmomin sana'a da ƙamus bai san da su ba. Sai ka zauna ka tsince, na ƙwarai ka zuba su a fayil ɗin kalmomin da aka amince da su, na banza ka gyara. Kuma aikin ba ya ƙarewa, duk sabon shafi da sabbin baƙinsa. Masu Django, wani babban aikin Python na gina shafukan intanet, suna amfani da shi, fayil ɗinsu na `docs/spelling_wordlist` yana nan a buɗe, ka leƙa ka ga tsawonsa. Su suna da hannaye da yawa. Kai da kake aikin da daddare bayan ka taso daga ofis, ka tambayi kanka ko za ka iya ciyar da wannan fayil ɗin shekara da shekaru. Ga kuma wani ɗan ciwon kai: PyEnchant na buƙatar laburaren Enchant na C da ƙamus ɗin harshe a kan na'urar, abin da kan sa ya yi aiki a kwamfutarka ya ƙi a ta abokin aikinka. Akwai haɗarin da ya fi wannan, wato gajiya. In ƙarar ta yi yawa, mutum kan fara zuba kowace kalma a jerin amincewa ba tare da ya duba ba, daga nan kuskure ya samu takardar zama ta dindindin.

cSpell ma haka yake, sai dai na duniyar Node ne, wato ɓangaren JavaScript, kuma shi ne ke ƙarƙashin Code Spell Checker na VS Code. In laburarenka na JavaScript ne, takardunka kuma Markdown, shi ya fi dacewa da kai.

Vale wani abu ne daban. Joseph Kato ne ya rubuta shi da Go, kuma abin da ya dame shi salo ne, duba haruffa ɗan ƙari ne kawai. Kai za ka rubuta masa dokoki a fayilolin YAML, ko ka sauko da waɗanda aka shirya bisa jagororin rubutu na Google ko Microsoft. Yana fahimtar Markdown da reStructuredText da AsciiDoc, ko da yake na biyun sai ka girka masa docutils, na ukun kuma Asciidoctor. Da shi za ka iya cewa a wannan aikin "GitHub" ake rubutawa ba "Github" ba, ko kada a ce wa mai karatu abu "mai sauƙi ne" alhali shi ya kwana yana fama, ko a kama kalmar da aka maimaita sau biyu a jere irin "the the", wadda ido ke tsallakewa musamman in ta faɗo a ƙarshen layi. Kowace doka kana iya ba ta matsayi: shawara, gargaɗi, ko kuskuren da zai hana gyara shiga. GitLab na cikin waɗanda suka gina tsarin takardunsu a kansa.

Ina son Vale, amma ba na ba mai ƙaramin laburare shawarar ya fara da shi. In ka kunna dokokin Google gaba ɗaya a kan takardun da aka rubuta shekaru biyar ba tare da su ba, zai kama ka a kan "we", a kan "will", a kan "e.g.", a kan duk jimlar da ba a ambaci mai aikatawa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya taɓa hana wani amfani da laburare. Waɗannan dokokin an yi su ne don kamfanin da ke da marubuta da yawa kuma yana son muryarsu ta zama ɗaya. Ku biyu ne ko uku, muryarku ba ta rarrabu ba tukuna. Lokacin Vale yana zuwa ne ranar da ka lura kana rubuta sharhi iri ɗaya a kan gyaran mutane daban-daban, "don Allah a nan ba ma cewa kaza, kaza muke cewa". Wannan sharhin shi za ka mayar doka. Ka fara da dokoki biyar naka na kanka, ka ƙyale kundin Google.

Akwai batun da ya shafe mu kai tsaye a nan. Mu da muka yi makaranta a Najeriya ko Ghana, rubutun Ingila aka koya mana, "colour" da "behaviour" da "initialise". Yawancin manyan laburarorin Python kuwa rubutun Amurka suke bi, Django ma sun rubuta a jagorarsu cewa "-ize" ake so. Sabon shiga da kyakkyawar niyya yakan ga "color" ya ɗauka kuskure ne, ya tura gyara, a mayar masa. In ma tsautsayi ya kai hannunsa cikin misalin Matplotlib ya mayar da `color=` zuwa `colour=`, misalin ya mutu. In kai ne mai laburaren, ka zaɓi ɗaya ka rubuta a fayil ɗin `CONTRIBUTING`. codespell yana da ƙarin ƙamus mai suna `en-GB_to_en-US` da ba ya kunnuwa sai ka nema, shi zai riƙe maka wannan ba sai ka je ga Vale ba.

Yanzu ga wanda na fi ba muhimmanci, wanda kuma mutane ba sa lissafa shi cikin masu gyaran rubutu sam. doctest yana cikin Python tun siga ta 2.1 a 2001, aikin Tim Peters ne. Abin da yake yi shi ne ya bi takardarka, duk inda ya ga layin da ya fara da `>>>` ya gudanar da shi da gaske, ya gwada abin da ya fito da abin da ka rubuta a ƙasa. In sun saɓa, ya tsaya ya nuna maka. Kana iya kiransa ta `pytest --doctest-modules`, ko ta `sphinx.ext.doctest` in misalan suna cikin shafukan Sphinx. Masu Rust sun samu wannan a sama, `cargo test` na gudanar da misalan da ke cikin bayanan kod ba tare da an roƙe shi ba. Go ma tana da irin nata.

Dalilin da ya sa na fifita shi: kuskuren harafi ranar da aka rubuta shi yake shiga, in ka share sau ɗaya ya tafi. Misalin kod kuwa daidai yake ranar da aka rubuta shi, daga baya ne yake ruɓewa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A Afrilun 2023 pandas 2.0 ta cire `DataFrame.append`, duk takardar da ke koya wa mutane haɗa teburori da shi ta wayi gari tana koyar da abin da babu. Python 3.12, a Oktoban 2023, ta fitar da `distutils` daga cikinta. A Yunin 2024 NumPy 2.0 ta sauya yadda take nuna lamba guda, inda da za ka ga `3.0` yanzu `np.float64(3.0)` za ka gani. Ka karanta irin waɗannan shafukan sau goma, Ingilishinsu tsaf, codespell da Vale duka za su sa hannu su ce lafiya lau.

Shi ma yana da halinsa, kuma gara ka sani tun yanzu. Harafi da harafi yake gwadawa. Ka rubuta cewa `0.1 + 0.2` na ba da `0.3`, Python ta ce `0.30000000000000004`, ya fāɗi. Misalin da ke buga kwanan wata, ko lambar da ake zaɓa da ka, ko jerin `set` na kalmomi wanda tsarinsa ke iya sauyawa, duk za su riƙa faɗuwa yau su tashi gobe. Misalin da ke buƙatar intanet ko rumbun bayanai sai an yi masa dabara. Akwai alamomi irin `+ELLIPSIS` da `+NORMALIZE_WHITESPACE` da ke sassauta masa, mutanen SciPy ma sai da suka rubuta scipy-doctest don ya riƙa yafe ɗan bambancin da ke wutsiyar lambobi. Sai `+SKIP`, wadda ke cewa a tsallake wannan misalin. Ita ce ƙofar da lalaci ke shigowa. In ka ga takarda rabin misalanta na ɗauke da ita, to doctest ɗin sunan kawai ya rage. Wata illar kuma, wani lokaci neman misali ya ci gwaji kan sa a cika shi da shirye-shiryen da ke rikita mai koyo. Sphinx na da wurin ɓoye irin wannan shirin, `testsetup`, ka yi amfani da shi.

Tunda muna kan Sphinx, akwai abubuwa biyu da ke hannunka kyauta. `-n` na sa shi ya yi ƙorafi a kan duk inda takarda ta nuna wani aiki ko aji da babu shi, `-W` kuma na mayar da ƙorafin ya zama abin da ke tsayar da gini. Ranar da ka sauya sunan wani aiki ka manta shafi uku na ambatonsa, su za su tuna maka. Shi kuwa `linkcheck`, mai bin mahaɗan waje ya ga waɗanda suka mutu, kada ka ɗaura shi a kan kowane gyara. Shafin wani can ya ɗan yi tari na minti biyar, sai gyaran bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba ya maƙale. Sau ɗaya a mako ya isa. Duk waɗannan kuma ba sai sun ci batirin kwamfutarka ko datarka ba, GitHub Actions kyauta ne ga ayyukan da ke buɗe ga kowa, a kan na'urorinsu ake gudanarwa.

To wanne za ka ɗauka? In laburaren ƙarami ne kuma ku kaɗan ne, codespell da doctest, tare da `-n` da `-W` in Sphinx kake amfani da shi. Na farkon aikin rabin awa ne, na biyun zai iya cin maka ƙarshen mako kafin tsofaffin misalai su daidaita, amma shi ne zai biya ka. In takardun sun yi yawa, sun kuma zauna ba kullum ake rushe su ba, ƙara sphinxcontrib-spelling ko cSpell a kai, ba a madadin codespell ba, domin shi yana leƙa cikin kod inda na Sphinx ba ya zuwa. Vale sai marubuta sun yawaita.

Duk da haka akwai abin da babu ɗayansu da zai gani. Bayani ya ce in ba ka saka komai ba za a jira daƙiƙa 10, kod kuma ya ce 30. Shafin girkawa ya tsallake mataki ɗaya saboda marubucin ya yi shi a kwamfutarsa tun bara ya manta. Hanyar kama waɗannan ɗaya ce: mutum ya buɗe sabon muhalli fanko da `python -m venv`, ya bi shafin daga sama har ƙasa, yana buga abin da aka rubuta kaɗai, ba abin da ya san ana nufi ba. Mai laburaren shi ne mafi rashin dacewa da wannan aikin, idonsa na cike gurbin da kansa. Sabon shiga shi ya fi kowa, kuma wannan ilimin nasa na rashin sani ba ya daɗewa, wata biyu ya zama ɗan gida. In kai ne sabon, rubuta duk inda ka yi tuntuɓe tun a ranar.

In kuwa aikin na wasu ne kake son taimakawa, zaɓin ba naka ba ne, ka duba abin da suke amfani da shi ka bi. Masu kula da ayyuka ba su manta Oktoban 2020 ba, lokacin da Hacktoberfest, shirin kamfanin DigitalOcean na ba masu tura gyara riga, ya jawo ambaliyar gyare-gyaren wofi daga masu neman rigar kyauta, har aka sauya doka ya zama sai aikin da ya ce yana so ake lissafawa. Tun daga nan gyaran waƙafi ɗaya daga baƙon suna ba ya samun fara'a sosai. Tara kurakuran haruffa ka tura su a dunƙule ɗaya, gyaran da ya taɓa ma'ana kuma ka ware shi daban tare da nuna layin kod ɗin da ya tabbatar da maganarka. Ka sani kuma a ayyukan da ake fassara takardunsu ta fayilolin `.po`, irin na Python da ke da fassarar Faransanci da Japananci da Sifaniyanci, taɓa jimlar Ingilishi ko da harafi ɗaya na sa fassararta ta koma jiran a sake dubawa. Kuskure na gaske ya cancanci wannan wahalar, amma sauya jimla don kawai taka ta fi daɗi a kunnenka bai cancanta ba. Su fayilolin `.po` ɗin ka sa codespell ya tsallake su da `--skip`, haka fayil ɗin lasisi, da duk foldar da aka kwafo kod ɗin wani laburare aka ajiye, domin gyaran wannan can wurin masu shi ake kai shi.